Yunwa da Ƙurewar Lokaci: Dalilin da Ya Sa Macen Ƙoƙi-ƙoƙin Sin Ke Cinye Namijinta

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki jinsi guda na ƙoƙi-ƙoƙi, wato Tenodera sinensis, wanda aka fi sani da ƙoƙi-ƙoƙin Sin, ta bi rayuwarsa tun daga ƙwai har zuwa mutuwa, domin neman bayanin ɗabi'ar da ta fi yi wa wannan ƙwaro suna, wato yadda mace kan cinye namiji a lokacin barbara. Matsayin maƙalar shi ne yunwa ce ke haddasa wannan ɗabi'a, yunwar da ke riskar mace a 'yan makonnin da take haɗa ƙwai alhali abinci na ƙarewa, sanyi kuma na tafe. Maƙalar ta kawo hujjojin da aka samu a daji da ɗakin gwaji, ta amsa sukar da ake yi wa wannan fahimta, sannan ta nuna yadda za a iya gwada ta a ƙasarmu, wato ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Akwai jinsin ƙoƙi-ƙoƙi sama da 2,400 a duniya, galibinsu a ƙasashe masu zafi, kuma masana sun tabbatar cewa danginsu na kusa su ne kyankyaso da gara. Duk da wannan yawa, labari ɗaya ne ya mamaye abin da jama'a suka sani game da su, kuma labarin yana da asalin da za a iya bi. A shekarar 1886 wani masanin ƙwari na Amurka, L. O. Howard, ya buga gajeren rahoto a mujallar Science kan abin da ya faru da aka haɗa namiji da mace a kwalba ɗaya. Macen ta fara da ƙafar namijin ta gaba, ta wuce zuwa kansa, gangar jikin da ta rage kuma ta ci gaba da barbara, da gari ya waye fukafukansa kawai aka tarar. A 1897 Jean-Henri Fabre na Faransa ya ba da labarin wata mace da ta karɓi maza bakwai cikin mako biyu, ta kuma cinye su duka. Fabre gwanin alƙalami ne, littattafansa sun shiga harsuna da yawa, sai labarin ya samu gindin zama. Daga baya, a 1935, Kenneth Roeder ya nuna cewa akwai wani ƙullin jijiyoyi a cikin kan namiji da ke taka wa motsin barbara burki, kuma da zarar an cire kan, sai ƙasan jikin ya shiga motsin ba ƙaƙƙautawa. Daga nan ne wasu suka ɗauka cewa barbara ba ta kammaluwa sai an yanke wa namiji kai. Roeder bai nuna haka ba, kuma mafi yawan mazan da ke barbara suna sauka da kansu a wuyansu. Tambayar da ta dace ita ce: a wane hali mace ke cin namiji, a wane hali kuma take ƙyale shi? Ba za a samu amsa ba sai an dubi shekarar ƙwaron gaba ɗaya.

2.0 Daga Ƙwai Zuwa Balaga

Asalin Tenodera sinensis ƙasashen gabashin Asiya ne, musamman Sin da Japan da Koriya. A 1896 ya shiga Amurka ta wata gonar renon shuke-shuke kusa da Filadelfiya, ya bazu a saurukan gabashin ƙasar, kuma a can ne aka yi mafi yawan binciken da wannan maƙala ta dogara da shi. Babban ƙwaro ne, tsawonsa kan kai santimita 10, kuma zuriya ɗaya yake yi a shekara. Tsakanin Satumba da Oktoba mace kan maƙale a jikin kara ko reshe, kanta a ƙasa, ta fitar da wani ruwa daga ƙarshen cikinta, ta kaɗa shi ya zama kumfa, tana jera ƙwai a ciki sahu-sahu. Cikin 'yan sa'o'i kumfar kan bushe ta yi tauri, ta koma launin busasshen kara, girmanta kamar na babban goro. Jaka ɗaya kan ɗauki ƙwai wajen 200. Iskar da ta maƙale a cikin kumfar ita ke kare ƙwan daga sanyin hunturu, wanda a waɗancan ƙasashe yakan daskarar da ruwa. Uwar kuwa ba ta ganin 'ya'yanta. Sanyin farko mai ƙarfi yakan kashe manyan duka, maza da mata, ya bar jakunkunan ƙwai kaɗai a jikin itatuwa.

Idan gari ya fara ɗumi, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, 'ya'yan kan ƙyanƙyashe kusan lokaci guda. Sukan zubo daga jakar suna reto a jikin wasu siraran zare, su tuɓe fatar farko, su watse cikin ciyawa. Ba sa bin matakin tsutsa irin na malam-buɗe-littafi. Tun ranar farko siffar iyayensu gare su, sai dai babu fukafukai, kuma tun ranar farko farauta ce abincinsu. Salon farautar kwanton ɓauna ne: ƙwaron kan tsaya cik, ya naɗe ƙafafunsa na gaba masu ƙayoyi, kansa kaɗai ke juyawa yana bin abin da ke motsi, idan abin ya iso sai ya kai cafka da saurin da idon mutum ba ya iya bi. Binciken da Vivek Nityananda da Jenny Read suka yi a Jami'ar Newcastle ta Ingila, inda suka manna wa wani jinsi na Afirka, Sphodromantis lineola, 'yan ƙananan tabarau masu launi biyu, ya nuna a 2016 cewa ƙoƙi-ƙoƙi na haɗa idanunsa biyu ya auna nisan abu, sannan a 2018 ya nuna cewa wannan awo ya dogara ne da motsi. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da ke tafe. Idon da aka gina don kama duk abin da ya motsa a daidai nisan cafka ba ya buƙatar wani sabon shiri kafin ya kama ɗan jinsinsa.

Rayuwar ƙuruciya rayuwar yunwa ce. Lawrence Hurd da Robert Eisenberg, waɗanda suka shafe shekaru suna bin wannan jinsi a saurukan jihar Delaware, sun nuna cewa mafi yawan 'ya'yan ba sa kaiwa ga balaga, kuma rashin abinci na daga manyan abubuwan da ke kashe su. Idan abinci ya yi wuya sukan ci juna, babba ya ci ƙarami. Har garin fure sukan ci su rage zafi, kamar yadda Beckman da Hurd suka nuna a 2003. Wanda ya tsira yakan yi saɓa sau shida ko bakwai, kowace saɓa kuma haɗari ce, domin yakan rataye da taushin jiki har sabuwar fata ta yi ƙwari. A saɓar ƙarshe, wajajen ƙarshen Agusta, fukafukai ke fitowa. Ke nan cin ɗan'uwa ba baƙon abu ba ne ga macen da ta balaga, da shi ta girma.

Daga wannan lokaci hanyar namiji da ta mace sukan rabu. Namiji siriri ne, mara nauyi, mai iya tashi, yakan bi wani ƙanshi da mace ke saki a iska ya nemo ta, sau da yawa cikin duhu. Tashin dare na da nasa haɗarin, wato jemage, kuma a 1986 David Yager da Ronald Hoy sun gano cewa ƙoƙi-ƙoƙi na da kunne guda ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa ta ƙasa, wanda ke jin siririyar ƙarar da jemage ke fitarwa. Mace kuwa aikinta haɗa ƙwai ne, kuma aikin yana da tsada: jaka ɗaya kan kai sulusin nauyin jikinta ko fiye. Cikinta ya yi nauyi, ba ta iya tashi ta nemi wuri mai albarka, kwanakin da suka rage mata ba su fi wata biyu ba, kuma a daidai wannan lokaci ne ƙwarin da take ci ke raguwa saboda kaka ta shigo. Hurd ya nuna cewa matan da suka dace da zama a kan tsiro mai fure, inda ƙudan zuma da sauran ƙwari ke sauka, sun fi 'yan'uwansu ƙiba da yawan ƙwai. Sauran kuwa suna zaune ne da yunwa, a gonar da babban naman da ya rage a cikinta, wanda kuma ke kawo kansa har inda suke, shi ne namiji.

3.0 Hujjoji

Hujja ta farko daga daji ta fito. A 1994 Hurd da abokan aikinsa sun ruwaito cewa a farkon lokacin balaga maza sun fi mata yawa, amma kafin lokacin ya ƙare sai lissafin ya juye, kuma a cikin abin da aka ga matan suna ci a wannan tsakani, maza sun kai kashi 63 cikin 100. Wannan adadi ya isa ya sauya yadda ake kallon batun. Namiji ba wani ɗan ƙari ba ne da mace ke samu jefi-jefi, a wasu gonaki shi ne babban abincinta a makonnin da ta fi buƙata. Duk da haka, wasu rahotannin daji kan jinsunan ƙoƙi-ƙoƙi masu wannan ɗabi'a sun nuna cewa tsakanin kashi 13 zuwa 28 cikin 100 na haɗuwar namiji da mace ne ke ƙarewa da cin namiji. Wato a mafi yawan lokuta yakan tsira.

Hujja ta biyu ita ce alaƙar ɗabi'ar da halin cikin mace. A gwaje-gwajen da Eckehard Liske da W. Jackson Davis suka buga a 1984 da 1987, macen da aka ciyar ta ƙoshi da wuya ta taɓa namiji, wadda aka hana wa abinci kuwa takan kai masa hari. A 1988 Birkhead da Lee da Young sun ga irin haka a wani jinsi na Asiya, Hierodula membranacea, suka kuma ƙara da cewa macen da ba ta samu isasshen abinci ba, idan ta ci namiji, jakar ƙwanta kan fi nauyi. Hujja ta uku ta bi sawun naman har cikin ƙwai. A 2016 William Brown na Jami'ar Jihar New York da ke Fredonia da Katherine Barry ta Jami'ar Macquarie a Ostareliya sun ciyar da maza gyare da aka sa wa sinadaran gina jiki masu alamar da na'ura ke iya ganowa. Bayan barbara suka janye wasu mazan, suka bar wasu aka cinye su. Inda namiji ya tsira, kusan kashi 25 cikin 100 na sinadaran masu alama ne suka koma jikin mace ta hanyar maniyyi, inda aka cinye shi kuwa kusan kashi 89 ne, kuma an ga alamar a cikin ƙwai da mahaifar ƙwai. Ƙwan da matan suka ƙara haɗawa bayan barbara ya kai kimanin 88 ga wadda ta ci namiji, 38 ga wadda ba ta ci ba. Bambancin ƙwai 50 ba ƙaramin abu ba ne ga halittar da dama ɗaya gare ta a rayuwa.

4.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce mafi daɗewa, kuma tana da nauyi. Masu yin ta sun ce abin da Howard da Fabre suka gani sakamakon tsarewa ne: an kulle ƙwari biyu a ƙaramin wuri, namiji ba shi da mafaka, mai kallo yana tsaye a kansu yana firgita su, wataƙila ma ba a ciyar da macen ba. Aikin Liske da Davis na 1984 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin da suka bar kyamara ta ɗauki hoto babu mutum a ɗakin, sai suka ga namiji na yin wata rawar neman yarda yana kaɗa cikinsa, barbara kuma na ƙarewa lafiya. Dole a amince cewa kwalba kan ƙara yawan abin, kuma tsofaffin rahotanni sun zuzuta shi. Amma sukar ta rushe a daidai inda ta ce ɗabi'ar ba ta faruwa a daji. A 1992 S. E. Lawrence ta bi wani jinsi, Mantis religiosa, a filin Allah a ƙasar Fotugal, ta samu cewa kashi 31 cikin 100 na barbarar da ta gani sun ƙare da cin namiji. Rahoton Hurd na 1994 ma ba a kwalba aka yi shi ba. Abin lura kuma shi ne, macen ɗakin gwaji da ake ba abinci kullum ta fi macen daji ƙoshi, saboda haka ɗakin gwaji na iya rage adadin kamar yadda yake iya ƙara shi. A duk fuskokin biyu, abin da ke juya adadin shi ne cikin mace.

Suka ta biyu daga ɗaya ɓangaren take. Tun da jikin namiji na komawa ƙwai, ƙwan kuma nasa ne, me zai hana a ce da yardarsa ake cinye shi, wato gudummawa ce yake bai wa 'ya'yansa? Wannan ba tunanin banza ba ne, domin akwai halittar da ke yin haka. A 1996 Maydianne Andrade ta nuna cewa namijin wani gizo-gizo na Ostareliya, Latrodectus hasselti, yakan wuntsila ya ɗora cikinsa a bakin mace ana tsakar barbara, kuma wanda aka cinye ya fi samun 'ya'ya. Sai dai hanyar gane yarda ita ce a dubi abin da namijin ke yi, kuma namijin ƙoƙi-ƙoƙi ba ya yin ko kusa da haka. A 2006 Jonathan Lelito da William Brown sun gabatar da maza ga mata masu yunwa da masu ƙoshi. A gaban mai yunwa namiji kan rage saurin tafiya, ya ƙara rawar neman yarda, ya daka tsalle ya hau bayanta daga nesa, bayan an gama kuma ya daɗe a maƙale kafin ya sauka, domin sauka ita ce lokacin da ya fi shiga hannunta. Tunkarar ta ta gaba ma ta fi sa shi taka-tsantsan fiye da ta baya. Wanda ke neman a cinye shi ba ya wannan kaffa-kaffa. Ƙwai 50 riba ce, amma namijin da ya tsira ya samu wata mace yana iya ba da ciki ga jaka guda mai ƙwai 200. Wani binciken Brown da abokansa na 2012 ya ƙara haske: mazan da suka daɗe ba su haɗu da mace ba sun fi saurin kusantar ta, waɗanda suka saba ganin mata kuwa sun fi jan jiki. Namiji na auna haɗari da damar da ta rage masa. Ribar da yake samu idan an cinye shi ragin asara ce kawai.

Suka ta uku ta ce ba sai an nemo wa ɗabi'ar wani amfani ba. Wataƙila zafin farautar da ya raya mace tun tana ƙarama ne ya malalo har lokacin barbara, ta kasa bambance miji da nama. Arnqvist da Henriksson sun kawo wannan bayani a 1997 game da wani gizo-gizon bakin ruwa. A ganina akwai gaskiya a ciki gwargwadon abin da aka faɗa a baya kan ido da cafka: kayan aikin da mace ke kama namiji da su tsofaffi ne, ba don shi aka tanade su ba. Amma da kasa bambancewa ce zalla, da macen da ta ƙoshi da mai yunwa sun yi daidai wajen kai hari, kuma ba haka aka gani ba. Wani zai ƙara da cewa macen da ta cinye namiji kafin ya hau ta tana iya mutuwa ba zuriya. Haka ne, sai dai a farkon lokacin maza sun fi yawa, ƙanshinta kuma zai jawo wani. A wani jinsi na Ostareliya, Pseudomantis albofimbriata, Barry ta nuna a 2015 cewa matan da yunwa ta fi galabaitarwa sun fi sauran jawo maza, abin da ke nuna cewa kiran barbara kansa na iya zama hanyar neman abinci.

Suka ta huɗu ita ce wadda ya kamata a fi ɗauka da muhimmanci: jinsi ɗaya ba ya wakiltar 2,400. Miomantis caffra, ɗan asalin Afirka ta Kudu da ya bazu a New Zealand, misali ne na yadda lamarin ke bambanta. Macensa kan cinye namiji tun kafin barbara fiye da rabin lokuta, tana kuma iya haifar 'ya'ya ba tare da namiji ba. A 2021 Nathan Burke da Gregory Holwell sun nuna cewa namijin wannan jinsi kokawa yake yi da ita, kuma wanda ya riga kamawa shi ke da rinjaye. Wannan bai karya matsayin maƙalar ba, ya dai iyakance shi. Abin da ake da'awa a nan shi ne, a jinsin da ke da zuriya ɗaya a shekara, wanda lokacin haɗa ƙwansa ya faɗo a kan ƙarancin abinci, yunwa da ƙurewar lokaci sun isa su bayyana ɗabi'ar.

5.0 Gwaji a Ƙasarmu

Da'awar da aka iyakance haka tana da fa'ida, domin ana iya gwada ta a inda yanayi ya bambanta. A Afirka ta Yamma akwai tushen da za a ɗora a kai: Malcolm Edmunds ya yi nazarin dabarun kare kai na ƙoƙi-ƙoƙin Gana a 1972, da lokutan bayyanarsu cikin shekara a 1986. A ƙasar Hausa ba sanyi mai daskarar da ruwa ke yanke wa ƙwari lokaci ba, ɗaukewar ruwan sama ce da bushewar ciyawa da gobarar daji. Bugu da ƙari, ƙarshen damina a nan lokacin yalwar fara ne, saɓanin kakar gabashin Amurka. Idan matsayin wannan maƙala daidai ne, ya kamata cin namiji ya yi ƙaranci a makonnin da fara ta cika gonaki, ya ƙaru yayin da rani ke shigowa, ya kuma fi yawa a gonakin da feshin magani ya rage wa ƙwari. Idan aka auna aka ga adadin bai motsa da yawan abinci ba, to bayanin yunwa bai wuce ƙasashen sanyi ba, kuma wajibi ne a faɗi haka.

Aikin ba ya buƙatar kayan tsada. Ma'auni mai auna giram, fenti na sa wa kowane ƙwaro alama a baya, ragar kama ƙwari don ƙiyasta abincin da ke fili, tocila, da ɗalibai masu haƙurin zagaya fili ɗaya safe da dare daga Satumba zuwa Disamba sun wadatar. Ina kira ga sassan nazarin halittu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, da su sanya wannan cikin batutuwan da suke bai wa ɗaliban digiri na biyu, a fara da jinsin Sphodromantis, a kuma yi kaka biyu a jere kafin a yanke hukunci.